Abin da ke biyo bayan kofin farko

Ni mutumin Fagge ne, a Kano aka binne cibiyata, amma fiye da rabin rayuwata a Jidda na yi shi. Sana'ata ɗaura tsirkiyar raket, abin nan da ake buga ƙwallon tanis da shi. Mutanenmu na nan, na Karantina ne ko na Sabil, in ka ji an ce wane yana aiki, to direba ne, ko mai gadi, ko tela, ko mai hidimar alhazai. Ni in na faɗi tawa sai an ce in maimaita.

A ƙarshen shekarun 1990 na shigo. Shara da ban ruwan fulawa na fara yi a wani rukunin gidajen ma'aikatan kamfani da ke arewacin gari, irin mai katanga da masu gadi, da filayen tanis a bayan wurin ninƙaya. Mai koyar da wasan a wurin wani dattijo ne ɗan Sudan, mutumin Wad Madani, Ustaz muke ce masa. A cikin Hausawa ya tashi a can, don haka yana tsintar harshen. Ranar da ya ji ina gaisawa da wani direba sai ya kira ni: "Kai yaro, zo ka riƙe mini nan." Raket ne a kan inji. Tun daga riƙewar nan ban sake komawa ga tsintsiya ba.

Aikin na haƙuri ne. Za ka kafa raket a inji ka ɗaure shi ta kai da ta wuya, ka fara da tsirkiyoyin tsaye daga tsakiya, ɗaya dama ɗaya hagu, don kada jikin raket ɗin ya karkace. Kowacce inji zai ja ta kilo 24 ko 25, gwargwadon son mai shi, ka danne ta da maƙalli kafin ka saki. Sannan na kwance, waɗanda da yatsa ake saƙa su, sama da ƙasa, kuma tsirkiyar zamani mai tauri ce, tana cin fatar yatsa, tana cin wuyan hannu. Zafin Jidda ma ba ya barin ta. Mutum ya bar raket a bayan mota yini ɗaya, ya dawo yana ce maka kai ne ba ka ja da kyau ba.

A ɗakin Ustaz akwai talabijin, a nan na san manyan gasa huɗu na shekara: ta Ostireliya a watan Janairu, ta Faransa a kan jar ƙasa, Wimbledon ta Ingila a kan ciyawa, sai ta Amurka a birnin New York. Mutum 128 ke shiga kowacce, kuma mai ɗaga kofi sai ya ci wasa bakwai a jere cikin mako biyu, wani wasan a yi awa huɗu ko biyar ana fafatawa. Ustaz yana da wata ɗabi'a. Duk ranar da sabon yaro ya ci kofinsa na farko, ana ta ihu ana ta hoto, shi sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Mu gan shi baɗi." A lokacin ina ɗaukar maganar hassadar tsofaffi ce.

Wanda na fara bi da zuciya ɗaya shi ne Andy Roddick. Ya ci gasar Amurka a 2003 yana da shekara 21, ya doke Juan Carlos Ferrero, ya rufe shekarar yana lamba ɗaya a duniya. Sabis ɗinsa kuwa, wato bugun da ake fara wasa da shi, sai dai ka ji ƙara. Kowa ya ce Amurka ta sami magajin babban gwaninta Pete Sampras. Sai ga Roger Federer ya zame masa ƙarfen ƙafa. Sau huɗu Roddick ya sake kai wasan ƙarshe a babbar gasa, Wimbledon a 2004 da 2005 da 2009, gasar Amurka a 2006, duk huɗun Federer ne ya tare shi. Na 2009 har yau ba na son tuna shi. Ba a karya sabis ɗin Roddick ba, wato a ci shi a turmin da shi ke fara bugu, ko sau ɗaya sai a bugun ƙarshe na wasan, saiti na biyar, wato zangon wasan na ƙarshe, ya tashi 16 da 14. Ustaz ya kashe talabijin ya ce, "Yaron nan bai rage komai ba. Zamanin da aka haife shi ne bai yi masa ba." Roddick ya ajiye raket a 2012 da babban kofi ɗaya.

Wata biyu bayan wannan baƙin cikin na 2009 Allah ya kawo mana Juan Martin del Potro, dogon yaro ɗan Ajantina, mai shekara 20. Ruwan sama ya sa aka ɗage wasan ƙarshe na gasar Amurka zuwa Litinin, 14 ga Satumba 2009, ya faɗo cikin goman ƙarshe na azumi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare agogon nan aka fara. Abokan aiki suka wuce tahajjud, ni da Ustaz muka ce bari mu ga saiti ɗaya mu bi su, Allah dai ya yafe mana. Kwana ɗaya kafin nan yaron ya yi wa gwani Rafael Nadal kaca-kaca, 6-2, 6-2, 6-2, amma Federer ya ci wannan gasa sau biyar a jere, ba wanda ya kawo za a iya taɓa shi. Aka yi ta yi har saiti biyar. In del Potro ya saki bugun nan nasa na hannun dama, ko ta talabijin sai ka ji ƙarar ta bambanta da ta kowa. Da ya zube ƙasa yana kuka, masu sahur sun fara kunna wuta, muka ci wake da burodi a tsaye. Daren nan ko Ustaz bai ce mu gan shi baɗi ba.

Baɗin ya zo, aka yi masa tiyata a wuyan hannun dama, shekarar 2010 kusan duka ta tafi. Ya dawo, sai na hagu ya karɓa, aka yi ta yanka shi a 2014 da 2015 har ya gangaro ƙasa da lamba 1,000 a jerin duniya. Ya sake tashi. A gasar Olamfik ta 2016 ya fitar da gwani Novak Djokovic, ya fitar da Nadal, ya samu azurfa, a shekarar kuma ya taimaka wa ƙasarsa ta ci kofin Davis, gasar tanis ta ƙasashe, karo na farko. A 2018 ya kai lamba uku, ya koma wasan ƙarshe a New York, Djokovic ya doke shi, bayan wata guda ya faɗi a Shanghai ƙoƙon gwiwarsa ya tsage. Daga nan dai sai a hankali. Shi da bakinsa ya ce ko hawa bene ba ya yi sai da ciwo. Ni mai aiki da wuyan hannu ne, in na ji wani ya ce del Potro kofi ɗaya kacal ya ci, raina ɓaci yake yi.

Kuma ana faɗa. A majalisar da muke zama gindin tukubar tsiren surukina, samarin da suka fara kallon tanis a waya sun raba 'yan wasa gida biyu: gwanaye, da waɗanda suka yi tsintuwa. To, akwai wanda za a iya cewa katari ya yi, kamar Gaston Gaudio da ya ci gasar Faransa a 2004, wanda ban da wannan karon bai taɓa wuce zagaye na huɗu a babbar gasa ba. Amma ko shi wasa bakwai ya ci, ba a hanya ya tsinta ba. Abin da nake tuna musu shi ne Sampras ya ci na farko a 1990, bai ƙara ba sai 1993, ya ƙare da 14. Djokovic ya ci na farko a 2008, ya zauna shekara uku cur yana kallon Federer da Nadal suna rabawa, ga shi yau da 24. Da a cikin waɗannan shekaru ukun hannun ɗayansu ya lalace, da yanzu sunansa mai tsintuwa a bakin yaran nan. Su kuwa irin su Federer da Nadal da suka ci na farko suka zarce ba tsayawa, su ne 'yan kaɗan, amma da yake su ake ta nunawa sai mutane suka ɗauka haka abin yake.

Duk wannan kallo ne nake yi daga nesa, har abin ya zo kaina.

Tun ranar da na sauka a Jidda buri ɗaya na riƙe: in fitar da Umma daga gidan haya, in gina mata nata. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, da tallan ƙosai ta raine mu, kuma na ga ranar da mai gida ya fito mana da kaya tsakar unguwa. Duk riyal ɗin da ya shigo hannuna sai na lissafa shi da bulo. Na yi aure a nan, aka haifi yara, ga kuɗin iƙama, ga makaranta, ginin ya yi ta tafiyar hawainiya, a yi harsashi a tsaya, a kai linta a tsaya. Ustaz ya koma Sudan ya bar mini injin, Allah ya yi masa rasuwa tun kafin yaƙin nan, Allah ya jiƙansa. Na riƙa karɓar raket daga wasu wuraren ina yi da dare. Ban san hutun Juma'a ba.

A 2020, shekarar korona, aka yi wa gidan rufi. A watan Satumbar shekarar na kalli Dominic Thiem ɗan Ostiriya a wasan ƙarshe na gasar Amurka, ni kaɗai a ɗakin aiki da tsakar dare. Kafin nan sau uku yana kai wasan ƙarshe ana doke shi, biyu a hannun Nadal a Faransa, ɗaya a hannun Djokovic a Ostireliya. Wannan karon Federer da Nadal ba su zo ba, Djokovic kuma an kore shi don ƙwallon da ya buga ta sami wata alƙaliyar layi a maƙogwaro. Filin da ke ɗaukar mutum fiye da 23,000 wayam, ba 'yan kallo. Alexander Zverev ya ci saiti biyu na farko. Thiem ya farke, aka je na biyar, dukansu biyu tsoro ya kama su, kowa ya sami damar rufe wasan da sabis ɗinsa ya kasa. Ƙafar Thiem ta ɗaure, yana ɗingishi ya ci wasan raba gardama da 8 da 6. Shi ne namiji na farko cikin haifaffun shekarun 1990 da ya ɗaga babban kofi. Dala miliyan uku aka ba shi. Ya ɗaga kofin ga kujeru.

Kafin shekarar ta fita Umma ta tare. Tafiya ta yi wuya lokacin, in ka fita ba ka da tabbacin dawowa bakin aikinka, don haka ta waya na gani. Ƙanena yana riƙe da wayar yana bin ta ɗaki ɗaki. Ta shafa bango, ta buɗe famfo ta rufe, ta zauna a kan tayil ta ƙi hawa kujera. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka." Na yi kuka, na yi sujada, na raba sadaka.

Bayan mako biyu ko uku sai jikina ya mutu. In na yi Asuba sai in koma in kwanta, ba barci ba, kwanciya kawai. Raket ya taru a kan tebur, masu shi suna kira ina kallon wayar har ta yanke. Abinci ba ɗanɗano. Albashi ya shigo, na duba shi, na rasa abin da zan lissafa shi da shi. Matata ta ce, "Abban yara, wani abu aka yi maka a gida ka ɓoye mini?" Na ce babu. Kuma babu ɗin. Wa zan tunkara in ce masa na gama gina wa uwata gida shi ya sa raina ya yi baƙi, a shekarar da mutane ke rasa aiki, wasu ke rasa iyaye? Ai sai a ce butulci ne. Ga wuyan hannuna na dama da ya daɗe yana yi mini gargaɗi, ya tashi haiƙan, ko butar shayi ba na iya ɗagawa.

Surukina ne ya gane. Haifaffen Makka ne, kakansa da ƙafa ya taho daga ƙasar Hausa, ya yi shekaru a hanya, ya tsaya a Maiwurno ya yi noma ya tara guzuri kafin ya tsallako Bahar Maliya. Wata rana bayan Isha'i na je na zauna a gefe, yana juya tsire a kan garwashi yana barbaɗa ƙuli, bai ko dube ni ba ya ce, "Malam, matsa kusa." Na matsa na durƙusa. Ya ce, "Ka san zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi?" Na ce haka ne, Baba. Ya ce kakan nan nasa, bayan duk wannan tafiya, da ya yi Arfa ya sauke farali, wata da watanni ya yi zaune a ƙofar bukka ba ya magana da kowa, har mutane suka fara cewa iska ce ta taɓa shi. Bai dawo daidai ba sai da ya ɗauki garwa ya shiga ɗebo wa alhazai ruwa. "Ka je asibiti," in ji shi, "ka kuma riƙe addu'a. Kada ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya." Ya naɗe mini tsire a takarda ya ce in kai wa yara.

Na je don hannu. Likita ya ce jijiya ce ta kumbura, ya ɗaura mini abin tallafi ya ce in huta. Sai ya tambaye ni barci da cin abinci, daga nan ya tura ni wurin wani likitan, shi ne ya kira abin da sunansa, ciwon damuwa. Na sha magani na wani lokaci, ina zuwa muna magana.

Ina cikin wannan hali, a watan Afrilun 2021, na ga hirar da Thiem ya yi da wata jarida ta ƙasarsu. Ya ce shekara goma sha biyar ya yi yana bin buri ɗaya ba ya duban dama ko hagu, da ya same shi sai ya ji ya faɗa rami. Na karanta na sake karantawa. Yaro mai shekara 27, mai miliyoyin daloli, ni mai ɗaura tsirkiya a bayan wurin ninƙaya, amma ciwon iri ɗaya. A watan Yuni wuyan hannunsa na dama ya samu rauni a wata gasa a Mayoka ta Sifaniya, bugunsa bai sake komawa yadda yake ba. Kofin Amurkan nan shi ne kofi na ƙarshe da ya ci kowane iri. Ya yi sallama da wasa a Biyana a watan Oktoban 2024 yana da shekara 31, kwana kaɗan bayan an ba Jannik Sinner dala miliyan shida a wasan baje koli na Riyad.

Abin da na lura, in ɗan wasa ya karye a gwiwa kowa tausayinsa yake ji, in kuwa zuciyarsa ce ta yi sanyi sai a ce ya ƙoshi ne, kuɗi sun lalata shi. Alhali abin ba sabo ba ne. Yannick Noah, wanda ya tashi a Yawunde ta Kamaru, inda gwanin tanis ɗan Amurka Arthur Ashe ya gano shi yana ɗan shekara 11, ya ci gasar Faransa a 1983, kuma har yau ba wani Bafaranshe namiji da ya sake cin ta. Ya sha faɗa cewa watannin da suka biyo baya ƙunci ya shiga mai tsanani, ƙasa duka tana yi masa tafi shi kuwa yana yawo cikin dare a Faris shi kaɗai. Bai ƙara babban kofi ba. Daga baya ya jagoranci Faransa ta ci kofin Davis sau uku, ya kuma zama mawaƙi.

Da na fara warwarewa sai na koma ina bin sawun masu kofi ɗayan nan, in ga ina suka shiga. Ashe suna nan a gefen fili, a kujerar masu horarwa. A wasan ƙarshe na gasar Amurka ta 2014, Marin Cilic da ya ci, mai horar da shi Goran Ivanisevic ne, wanda ya ci Wimbledon sau ɗaya a 2001 yana lamba 125 a duniya. Kei Nishikori da aka doke, mai horar da shi Michael Chang ne, wanda ya ci gasar Faransa a 1989 yana da shekara 17 bai sake ba. Carlos Moya, kofi ɗaya a 1998, shi ya riƙe Nadal a shekarunsa na ƙarshe. Ferrero kuwa, wanda ya ci gasar Faransa a 2003, ƙaranbau da raunuka suka dakushe shi a shekarar da ta biyo, shi ne ya ɗauki Carlos Alcaraz yana ɗan shekara 15, ya raine shi har ya ci gasar Amurka a 2022 yana da 19. Ina ganin sun san wani abu game da washegarin nasara wanda mai kofi ashirin ba lallai ya iya koya wa yaro ba. Cilic ɗin ma bai ƙara ba, sau biyu Federer ya tare shi a wasan ƙarshe. Daniil Medvedev da ya ci gasar Amurka a 2021 ya hana Djokovic haɗa manyan kofuna huɗu cikin shekara ɗaya, sau biyu yana gaba da saiti biyu a wasan ƙarshe na Ostireliya, a 2022 Nadal ya ƙwace, a 2024 Sinner ya ƙwace.

Na roƙi mai kula da wurin aikinmu ya ba ni fili ɗaya ranar Juma'a da sassafe, lokacin da masu gidajen ke barci. Ya yarda. Na fara kwaso yaran unguwarmu, 'ya'yan direbobi da teloli, da tsofaffin raket ɗin da aka bar mini. Rabinsu ƙwallon ƙafa ce a ransu, suna zuwa ne don sanwic ɗin da matata ke haɗa musu, amma akwai biyu da hannunsu ya faɗa. Ɗan yayar matata shi injin ya fi ja masa hankali, yanzu shi ke saƙa na kwance, ni in duba ƙulli, hannuna ya samu sauƙi.

A watan Disamban 2024 na kai su filin wasa na Sarki Abdallah, inda aka yi gasar matasa takwas mafi ƙwarewa 'yan shekara 20 zuwa ƙasa, gasar da Sinner da Alcaraz suka taɓa ci lokacin ana yin ta a Milan. Joao Fonseca ɗan Birazil, mai shekara 18, shi ya ci. A hanyar dawowa motar ta kaure da gardama, wannan ya ce zai ci manyan kofuna goma, wancan ya ce sha biyar. Ƙaramin cikinsu ya taɓo ni ta baya: "Kawu, kai nawa ka ce?" Na ce ni dai yadda yake sakin hannun daman nan, Allah ya sa yana da likita nagari. Suka yi mini dariya, suka ce Kawu ya tsufa.

Umma ta zo ta sauke farali bayan an buɗe hanya, ta ga jikokinta, ta ga injin da ya gina mata gida, ta ce ashe abin ɗan ƙarami ne. Kwanan baya ta sa ƙanena ya kira ni. Wai matan layinsu suna shan wahalar ruwa, kullum yara ne da jarkoki a ƙofar gidanta, ko za a haƙa burtsatse a sa famfo ta waje. Ƙanena har ya turo lissafin masu haƙa da na tanki da na sola. Na ce masa kuɗin tankin ya yi yawa, ya je ya sake tambayowa a wani wurin, in Allah ya kai mu bayan Sallah sai a fara.